Josephine Bakhita

Josephine Bakhita (wajajen 1869 – 8 ga Fabrairu 1947) sista ce a cocin Katolika, 'yar ƙabilar Daju daga Darfur, Sudan.

Masu fataucin bayi sun sace ta tana ƙarama, aka yi ta cinikinta har ta manta sunanta na asali. Su suka raɗa mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. An kai ta Italiya a 1885. Da ta ƙi komawa Sudan, kotu ta yanke hukunci a 1889 cewa ita ba baiwa ba ce. An yi mata baftisma a 1890, ta zama sista a 1896, ta rasu a garin Schio. Paparoma John Paul na biyu ya ayyana ta waliyyiya a 2000.