Édouard-Alfred Martel: Lauyan Da Ya Bi Sawun Ruwa A Ƙarƙashin Ƙasa

An haifi Édouard-Alfred Martel ranar 1 ga Yuli, 1859, a garin Pontoise da ke kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa, a gidan da aka gaji aikin shari'a. Ya bi sahun iyayensa ya karanci doka, kuma a 1886 ya fara aikin lauya a kotun kasuwanci ta Paris. Sai dai sunansa ya shahara ne a wani fage na daban, wato binciken kogwannin ƙarƙashin ƙasa da ruwan da ke gudana a cikinsu, har ake yi masa kallon uban wannan ilimi a zamanance.

Tun yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka kai shi kogon Gargas a yankin tsaunukan Pyrenees, kuma sha'awar abin ba ta rabu da shi ba. Da ya girma, sai ya riƙa cinye hutunsa a tuddan kudancin Faransa, inda ƙasar duk dutsen farar ƙasa ne. Irin wannan dutse ruwan sama yakan ci shi sannu a hankali, ya mayar da tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya. A watan Yunin 1888, Martel da abokansa suka bi rafin Bonheur daga inda yake nutsewa cikin dutse, suka ratsa duhu har suka ɓullo a Bramabiau, inda ruwan yake sake fitowa fili. Daga wannan tafiya masana ke ƙirga mafarin binciken kogwanni na zamani.

Shekara guda bayan haka ya sauka ramin Padirac, mai zurfin mita 75, wanda mutanen karkara ke tsoron kusanta. A can ƙasa, kimanin mita 103 daga doron ƙasa, ya tarar da kogi yana gudana. Kayan aikinsa su ne tsanin igiya, kyandir, kwalekwalen tamfol mai naɗewa, da wayar tarho don magana da masu riƙe igiya a sama. Na hannun damansa a yawancin tafiye-tafiyen nan shi ne Louis Armand, wani maƙeri daga ƙauyen Le Rozier.

A 1891 ya sha ruwa daga wani idon ruwa a yankin Lot, ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Ruwa ba ya tsami banza: mushen maraƙi ne aka jefa cikin wani rami da ke can sama, ruwan da ya wanke shi ya biyo hanyoyin dutse ya fito a wannan ido ba tare da ya tace ba. Martel ya shafe shekaru yana jan hankalin hukuma, har dokar kiwon lafiyar jama'a ta 15 ga Fabrairu, 1902, ta haramta jefa mushe cikin irin waɗannan ramuka.

Babban abin da ya tsaya a kai shi ne cewa a ƙasar dutsen farar ƙasa ruwa yana tafiya ne ta hanyoyi masu haɗe da juna, kamar kwatocin gari da ke zuba cikin babban lambatu. A kan haka ya yi jayayya da masanin Austriya Alfred Grund, wanda ke ganin ruwan yana kwance ne a shimfiɗe cikin dutse. Ilimin yau ya karɓi wani ɓangare daga kowannensu, amma fahimtar Martel ce ke bayyana yadda ambaliya take a cikin kogo. Ruwan sama zai iya sauka a wani tudu mai nisa, alhali bakin kogon rana ce tsaka. Ramuka da yawa su haɗiye shi, su tara shi a hanya guda. Idan ya iso inda hanyar ta tsuke, sai ya taru a baya, ya hauhawa, ya malala cikin hanyoyin sama da suka daɗe a bushe. Inda rufin kogo ya yi ƙasa, ruwa yakan cike wurin har sama, ya toshe hanyar fita, ko da inda mutum yake tsaye babu ɗigo.

Martel ya yi aiki da wannan sani. Ranar 1 ga Agusta, 1895, ya zama mutum na farko da ya kai ƙasan ramin Gaping Gill a yankin Yorkshire na Ingila, mai zurfin kimanin mita 100, bayan an haƙa hanya an karkatar da rafin Fell Beck da ke zuba cikinsa. A wannan yanki ne, a watan Yunin 1967, masu shiga kogo su shida suka halaka a kogon Mossdale bayan ruwan sama ya cika hanyoyinsa. Haka kuma a 2018 ruwan damina ya rutsa da yara 'yan ƙwallo 12 da mai horar da su a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, sai bayan fiye da mako biyu aka fito da su. Shi ya sa masu wannan harka a yau ke duba hasashen yanayi na dukkan yankin da ke shayar da kogo, suke lura da laka da ciyayin da suka maƙale a rufi, suke kuma barin labarin lokacin fitowarsu a hannun wani.

Ya wallafa littafinsa Les Abîmes a 1894, ya kafa ƙungiyar masu binciken kogwanni a 1895. A 1896 ya binciki kogon Drach a tsibirin Mallorca na Sifaniya, inda tafkin ciki ke ɗauke da sunansa har yau. Ya ajiye aikin lauya a 1899, ya ziyarci kogon Mammoth na Amurka a 1912, ya kuma fitar da babban littafinsa kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1921. An ƙiyasta cewa ya shiga kogwanni da ramuka kusan 1,500.

Martel ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1938, kusa da garin Montbrison, yana da shekara 78.