Ibrahim Narambaɗa: makaɗin Isa da jininsa ya fito daga Filinge

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, da 'yan uwanmu da ke ci-rani, yau mun waiwayi Ibrahim Narambaɗa, wanda dattawanmu ke kashe hira in an sa waƙarsa.

An haife shi a Tubali, kusa da Isa, can ƙasar Sakkwato. Masana tarihin makaɗa sun nuna mahaifinsa Maidangwale ɗan kokawa ne, asalinsa mutumin Filinge, nan ƙasarmu Nijar. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Badarawa ce, gidansu gidan kiɗan kotso ne. Ta nan ya gaji kiɗa. Ya fara da waƙoƙin noma, yana zuga manoma a gona, kafin ya koma kiɗan sarauta a fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa. Nan ya zauna har sunansa ya game ƙasar Hausa.

Mi ya bambanta shi? Ba shi da lasifika, ba kayan lantarki. Kotso ne, da murya, da 'yan amshi. Amma kowane ɗan waƙa cike yake da azanci: ya yabi sarki, ya yi wa abokan hamayya zambo da habaici, ya sako wa'azi kan duniya da mutuwa. Wanda bai san Hausa ƙwarai ba sai an warware mishi. Waƙarsa ta Bakandamiya ta yi ƙarfin da yau in aka ce abu bakandamiya ne, ana nufin ya fi sauran. Dokin Iska Ɗan Filinge kuwa ta ɗaukaka dawakin ƙasarmu.

Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma har yau ɗalibai na nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i.

Abin da ke damunmu shi ne wanga: kaset ya tsufa, tsofaffin da ke iya fassara kalmominsa suna ƙarewa, samari kuma suna jin kiɗin ba su gane maganar. In kuna da kaset ɗinsa a gida, ku kawo a juye. 'Yan uwa na waje, ku sa wa ɗiyanku, ku zauna ku bayyana musu.

Allah ya jiƙan Narambaɗa, ya sa aljanna makoma.