Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mai Magana Jari Ce

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar boko a Arewa, daga Azare har Sakkwato, wanda bai san akun Sarki Abdurrahman ba. Mai wannan aku shi ne Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama malami a Midil ta Katsina. A lokacin yaran makaranta ba su da littattafan hira na Hausar boko. Saboda haka cikin 1933 Dokta East na Zariya ya sa gasar rubuta labarai. Malam Abubakar ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe.

Ganin gwanintarsa aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A ciki aku ne yake tsare Musa ɗan sarki da labari kowane dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri.

Cikin 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya cikin 1981.

Yaran da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan, waɗanda Hausa take neman kuɓuce musu, su ne suka fi bukatar wannan gado. Allah ya jiƙansa, amin.