Azizul Haque: Ƙaramin jami'in da aikinsa ya ɗauki sunan maigidansa

Duk yatsan da ya taɓa gilashi ko ƙarfe yakan bar wani zane da ido ba ya gani, na gumi da gishiri da maiƙon jiki. Idan mai bincike ya shafa hoda da burushi mai laushi, ƙwayoyinta sukan manne wa danshin da maiƙon, sai layukan su bayyana. 'Yan sandan farkon ƙarni na 20 sukan sa baƙar hoda ta gawayi ko ta baƙin fitila a kan abu mai haske, su sa hodar alli da zaiba a kan mai duhu, kafin a daina amfani da zaiba saboda gubarta. Sai dai hoda ba ta faɗin sunan mai zanen. Dole a nemo shi a cikin dubban katunan da aka ajiye, kuma wannan ce matsalar da Qazi Azizul Haque ya taimaka aka warware.

An haifi Haque a shekarar 1872 a gundumar Khulna, wadda yau take cikin Bangladesh. Ya yi karatu a Kwalejin Presidency da ke Kalkata, inda ya yi fice a lissafi. Daga nan Edward Henry, Sufeto Janar na 'yan sandan Bengal, ya ɗauke shi aiki a muƙamin ƙaramin sufeto, ya haɗa shi da Hem Chandra Bose.

Dabarar da Haque ya tsara ta raba yatsu goma gida biyar, bibbiyu, ta ba su lambobi 16, 8, 4, 2 da 1. Yatsa mai zanen da'ira ne kaɗai ke samun lambarsa. Idan aka tara lambobin, kowane kati yakan faɗa ɗaya daga cikin gurabe 1,024, wato 32 sau 32. Binciken da a da yake cin sa'o'i ya koma na mintuna.

A 1897 gwamnatin Indiya ta amince da zanen yatsu a madadin tsohuwar hanyar auna kai da gaɓoɓi. Henry ya wallafa littafi a kan tsarin a 1900, rundunar Scotland Yard ta Landan ta karɓe shi a 1901, duniya kuma ta san shi da sunan Tsarin Henry. Shi Henry ya zama shugaban 'yan sandan Landan a 1903.

Haque ya ci gaba da aikinsa a Indiya. An ba shi lambar girma ta Khan Sahib a 1913, da ta Khan Bahadur a 1924. Sai a 1926 Henry ya tabbatar a rubuce cewa babu wani ma'aikacinsa da ya kai Haque gudummawa wajen kammala tsarin. Haque ya rasu a garin Motihari na jihar Bihar a 1935. Har yau littattafan horar da 'yan sanda suna kiran tsarin da sunan Henry.