Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Malamin Da Ya Naɗa Aku Waziri

Duk wanda ya zauna a ajin elemantare ko firamare a Arewa, tun daga Sakkwato har Yerwa, da wuya a ce bai san Waziri Aku ba, ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Da yawa daga cikinmu masu neman abinci a nan Kurmi, a Agege da Idi-Araba da Obalende, ko Sabon Badun, ko Anaca, mun taho da waɗannan sunaye a ka, ko da yake littattafan sun daɗe da yagewa. Amma 'ya'yanmu da aka haifa nan, waɗanda Yarbanci da Turancin kasuwa suka fi kama bakinsu, akasarinsu ba su taɓa jin labarinsu ba. Saboda haka yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya ƙago su, watau marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam.

An haife shi a garin Kagara cikin shekarar 1911, a ƙasar da yanzu take cikin Jihar Neja. Sunan mahaifinsa Malam Shehu Usman, gidansu kuwa gidan malanta ne. Mutanen Barno da ke cikin masu karatu, 'yan Moduganari da Gwange da Hausari, ku ma kuna da rabo a cikinsa, gama kakanninsa daga ƙasar Dikwa suka fito, yawon malanta ya gangaro da su yamma. Ya fara karatun allo a gida kamar kowane ɗan malam. Yana da shekara goma sha ɗaya, cikin 1922, ya bar gaban iyayensa ya tafi Katsina wurin wansa Malam Bello Kagara, aka sa shi makarantar boko. A wannan zamani kuwa iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo ɗibar yara boko. Wanda ya taɓa barin garinsu yana ƙarami ya san abin da ke cikin irin wannan tafiya, ba sai an gaya masa ba.

Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, inda ya zauna tare da su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya fita cikin 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Shekara guda da kama aikinsa, cikin 1933, sai wani Bature na Hukumar Fassara ta Zariya, Dokta Rupert East, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙagawa da Hausar boko. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ku duba fa, wa da ƙane, gida ɗaya, littafi biyu cikin biyar. Abubakar kuwa shekararsa 22 kacal.

Ruwan Bagaja labarin wani saurayi ne, Alhaji Imam, wanda aka kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban fada, don ya ce akwai wani ruwa da zai warkar da ɗan Sarki. Yaron ya ɗaura aniya ba zai zauna ba sai ya samo wannan ruwa ya wanke wa tsohon fuska. Ya shiga duniya shekara da shekaru, yau a kurkuku, gobe a hannun ɓarayi, jibi yana cuɗe-in-cuɗe-ka da Malam Zurƙe. Alhaji ba waliyyi ba ne, kowa ya karanta ya sani, yana da wayo har da 'yar damfara. Abin da ya sa yara suka so shi, a ganina, shi ne ba ya karaya. In ya faɗi ya tashi ya karkaɗe riga ya nufi gari na gaba.

Da East ya ga irin hannun wannan matashin malami, sai ya nemi a ba shi aronsa. Cikin 1936 Abubakar Imam ya tafi Zariya ya yi wata shida. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus, ya haɗa da abin da ya ji a gida. Cikin watannin nan shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, labarai wajen tamanin, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Waɗansu masu bincike na baya sun yi ta bin sawun labaran suna nuna inda ya samo kowanne. Aikinsu yana da amfani, amma bai rage masa kome ba. Labarin Sarkin Busa daga Jamus ya taso, duk da haka yaron da ya karanta shi a Gumel ko Biu bai taɓa jin ƙanshin baƙunci a cikinsa ba, don an sa masa riga da hula, an ba shi fada da dogarai da kasuwa irin tamu.

Ga yadda aka gina littafi na ɗaya, don waɗanda suka manta. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida. Wazirinsa kuwa maci amana ne, so yake a fitar da Musa daga fada a hallaka shi. Aka yi ta aiko wa yaron saƙon ƙarya, wai Mahmudu yana kiransa fagen fama. Kowane dare Musa ya yi ɗamara ya zo sallamar wani aku da aka saya masa, akun kuwa sai ya ɗauko labari, ba zai dire ba sai gari ya waye. Da haka ya tsare ran ɗan Sarki har uban ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa tsuntsu a matsayinsa.

A nan ne nake ganin gwanintar Malam Abubakar ta fi fitowa. A Ruwan Bagaja jarumtakar yaro ita ce ya fita. A Magana Jari Ce kuwa yaron yana da zuciya, ba ya tsoron yaƙi, amma da ya bi zuciyar nan da ya mutu a bakin ƙofa. Mai ceton nasa ba barde ba ne, ba malami ba ne, ɗan tsuntsu ne cikin keji wanda ba shi da makami sai harshe. Malamin makaranta ne ya rubuta wannan, wanda ya san zafin kan samari, ya kuma san ba a tare shi da bulala kaɗai. A littafi na uku ma aikin malanta akun ya koma yi, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari.

Namun daji da tsuntsaye sun cika littattafan nan, ga zaki, ga kura, ga dila, ga labarin Auta ɗan Sarkin Noma da namun jeji. Daga baya shi da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana wa yara halittu iri iri na duniya da yadda kowace take rayuwa. Ba za mu ce ya yi yaƙin kare namun daji irin na zamanin yanzu ba, don lokacin da ya rubuta Magana Jari Ce ko gandun dajin Yankari ba a keɓe ba, sai cikin 1956. Amma ya rubuta wa yaran da ke jin kukan kura a bayan gari da dare. Jikokinsu kuwa, in ba a gidan namun daji na Sanda Kyarimi a Maiduguri ko irinsa ba, ina za su ga zaki? Shi kansa aku mai toka-toka da jan wutsiya ɗan dazuzzukan Kurmi ne, daga nan fatake suke kai shi Arewa. Yawan kama shi da sare itatuwan da yake sheƙa a ciki sun rage shi ƙwarai, har cikin 2016, a wani taro a Afirka ta Kudu, ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Masu sana'ar tsuntsaye a cikinmu sai su lura da wannan.

Cikin Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne kuwa editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila ta jirgin ruwa tare da waɗansu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can aka kawo takardar neman a sa ranar mulkin kai, shi kuwa ya ƙi sa hannu. Jaridun Ikko ba su ji daɗin wannan ba. Amma kada a ɗauka ɗan amshin Shatan Turawa ne, gama a tafiyar nan ya sadu da Lugga, tsohon Gwamna, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana ƙarancin ilmi a Arewa da yadda ake ware 'yan boko daga sha'anin mulkin En'e. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sauran rayuwarsa aikin hukuma ne da na jama'a. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna majalisa, sa'an nan ya bar siyasa ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Bai ajiye alƙalami ba, sai dai ya fi karkata wajen tarihi da littattafan addini. Bai sake rubuta wani dogon labarin ƙagawa kamar na ƙuruciyarsa ba, abin da ya sa har yanzu in an ambaci sunansa aikin da ya gama kafin ya cika shekara talatin shi ake fara tunawa.

Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. Allah ya ji ƙansa. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, cikin 1989 kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da Turanci, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara daga abin da marigayin ya bari a rubuce.