Tarihin Paul Ehrlich, masanin garkuwar jiki

An haifi Paul Ehrlich ne a ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1854 a garin Strehlen, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Prussia, amma a yau yana cikin ƙasar Poland. Ya kammala karatun likita a jami'ar Leipzig a shekarar 1878, kana ya kama aiki a asibitin Charité da ke birnin Berlin. Bayan da ya kamu da tarin fuka, ya tafi Masar jinya a shekarar 1888.

Ɗaya daga cikin tambayoyin da suka ɗauki hankalinsa ita ce: shin kariyar da jiki ke samu daga cuta gado ce, ko kuwa samunta ake yi a rayuwa? A shekarar 1892 ya riƙa bai wa ɓeraye dafin 'ya'yan zurma kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba, sannan ya musanya 'ya'yansu tsakanin uwaye masu shayarwa. Sai ya gano cewa kariyar ba ta bi ta wajen uba, a'a, uwa ce ke bayar da ita tun a ciki da kuma ta nono, kuma takan gushe bayan ɗan lokaci.

A shekarar 1897 ya gabatar da ra'ayinsa cewa ƙwayoyin halittar jiki suna da wasu maƙalai a bayansu, kowanne da dafin da ya dace da shi, tamkar kwado da mabuɗinsa. Da zarar dafi ya maƙale, sai ƙwayar ta ƙera irinsu da yawa ta zuba su cikin jini. Masana da dama sun soki wannan ra'ayi, amma an ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1908 tare da Élie Metchnikoff. Shi ne kuma, tare da Sahachiro Hata ɗan ƙasar Japan, ya samar da Salvarsan, maganin cutar tunjere.

Ehrlich ya rasu a ranar 20 ga watan Agusta na shekarar 1915 a Bad Homburg. A yau masana na iya nazarin waɗannan maƙalai a jinin mutum, inda suke ganin alamar abin da ya gada daga iyaye da kuma sawun wasu cututtukan da ya taɓa kamuwa da su.