Likitan da Ya Rubuta Tafiyar Ɗan Adam: Étienne-Jules Marey (1830-1904)

Da Edita ya nemi in rubuto tarihin wani mashahurin mutum, na san wasunku za su zaci sarki ko shehin malami zan ɗauko. To, wani likitan Faransa na zaɓa, kuma ga dalili.

Bara mahaifina ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Da ya fara miƙewa, kullum na taso daga ofis nakan riƙe hannunsa mu zaga layinmu a Kaura Goje, ina ganin yana ɗingishi amma ban san inda matsalar take ba. Wata rana ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ɗauki tafiyarsa da wayarta, ta rage gudun hoton. Sai ga shi ƙarara: yatsun ƙafar hagu ba sa ɗagawa, shi ya sa yake ɗage ƙugu ya jefa ƙafar ta gefe. Wata uku ina kallo ban gani ba! Wannan ne ya sa na shiga neman wanda ya fara wannan dabara, har na tarar da Marey.

An haife shi a garin Beaune a 1830, ya yi karatun likita a Faris. Abin da ya dame shi tun yana matashi shi ne, yawancin motsin jiki ya fi ƙarfin ido, saboda haka sai ya ƙudurta zai sa jiki ya rubuta motsinsa da kansa. A 1860 ya fito da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a wuyan hannu, tana zana bugun jini a kan takarda. A 1869 ya zama farfesa a Collège de France. Daga nan ya koma kan tafiya, ya ƙera takalma masu jakar iska da ke nuna lokacin da ƙafa ta taka da lokacin da ta tashi, ya gwada su a kan mutane da dawaki.

Ku da kuke zuwa kallon jahi a Hawan Daushe, shin kun taɓa lura ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama? Turawa ma sun daɗe suna wannan gardama. Littafin da Marey ya wallafa a 1873 ya nuna akwai, kuma a 1878 Eadweard Muybridge ya tabbatar da haka da hotuna a Amurka.

Hotunan nan sun sa Marey ya rungumi kyamara. A 1882 ya ƙera wata mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda, ya riƙa harbin tsuntsaye da ita suna tashi. A shekarar kuma ya buɗe wurin bincikensa a filin da hukumar birnin Faris ta ba shi. Amma da ya tara hotunan mai tafiya a kan faranti ɗaya, sai suka hau kan juna suka cakuɗe. Maganin da ya samo a 1883 shi ne ya sa wa mutum baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, ya manna fararen layuka a hannu da ƙafa da ɗigo a kan gaɓoɓi, ya sa shi tafiya a gaban baƙin bango. Mutumin ya ɓace, layukan suka rage, kuma ana iya auna su da rula.

Da irin wannan aiki aka nazarci macin sojoji da tsallen 'yan wasa. Mataimakinsa Georges Demenÿ ya ɗauki motsin leɓe a 1891 don koya wa kurame fahimtar magana. A 1894 Marey ya nuna yadda kyanwa ke murɗa jiki a sama ta dira da ƙafafunta. Ya mutu a Faris a watan Mayun 1904, yana da shekara 74.

Fasahar ɗaukar motsi ta yau, inda ake manna ɗigo masu ƙyalli a gaɓoɓi, kyamarori su bi su, kwamfuta ta zana ƙwarangwal, jikar baƙaƙen kayan nan ce. Da ita asibitoci ke auna tafiyar yara masu lalurar ƙafa kafin tiyata, da ita kuma aka yi fim ɗin Avatar na 2009.

Karanta tarihinsa ya tuna mini da malaminmu na Fiziks, wanda ya hana mu rubuta sakamakon gwaji sai mun auna sau uku, mu kuwa muna ta gunaguni. Malam, a gafarce mu, yanzu mun gane. Ina roƙon idan maganar gyaran ɗakin gwaje-gwaje ta taso a babban taronmu na bana, kada mu sake ɗage ta. Ƙannenmu suna da wayoyin da suka fi bindigar Marey nesa ba kusa ba. Abin da suke buƙata shi ne a koya musu awo.

Baba kuwa, alhamdu lillahi, an sa masa abin tallafe ƙafa, yanzu da sandarsa yake zuwa masallaci. A ci gaba da sa shi a addu'a. Wassalam.